Yatsan Gwamnati

A layin siminti na kasuwar Dei-Dei, in ana zancen 'yan dako na gaske da Ɗangoggo ake farawa, in ma an manta shi zai tuna wa mutane da bakinsa. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu can ƙasar Katsina ya faɗo Abuja, kuma tun daga ranar buhun siminti bai bar kansa ya huta ba. Yanzu furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma in ka faɗa sai ya ce ƙurar aiki ce. Abin taƙamarsa a duniya hannunsa ne. Tafin ya yi kanta ya bushe ƙamas kamar bayan tukunyar ƙasa, har yakan ɗauko garwashi da yatsu ya kai wa mai shayi, ba don an aike shi ba, don dai a gani a yi magana. Matarsa Lantana, wadda ke suyar awara a ƙofar ɗakinsu a Tungan Maje, ta sha faɗa masa cewa da yabon hannu na cika tukunya da tuni ta daina zuwa cefane.

To, ana zaune ƙalau sai ga mutanen ofis. Aka wayi gari an kafa rumfuna a bakin layi, an jera fararen kujerun roba, lasifika na ta kururuwa. Wai Shirin Kowa Ya Shigo ne ya iso. Jagoran tawagar wani ne da ake kira Oga Alexander, mutum mai fara'a da ƙamshin turare, irin mutanen nan da ke son talaka tsakani da Allah amma ba su taɓa gaisawa da shi hannu da hannu ba. Ya karɓi makirfo ya fara bayani da Hausarsa ta Abuja, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Jama'a, gwamnati ya tuna da ku! Daga yau babu biyan ɗan dako da tsabar kuɗi. Alhaji zai tura ladanka cikin asusu, kai kuma ka je wurin na'ura ka karɓa. Mun san ba kowa ya je makaranta ba, shi ya sa mun zauna mun yi tunani sosai. Babu lambar sirri, babu sa hannu. Babban yatsa kawai! Ka dangwala, ƙofar gwamnati ya buɗe maka ko a ina ne. Yanzu ina tambaya, akwai wanda ba ya da yatsa a nan?"

Aka kwashe da dariya, aka tafa. Ɗangoggo ya fi kowa tafi, har na kusa da shi suka ja baya. Alhazan layin masu shagunan siminti kuwa tuni suka amince, don dama sun gaji da rigimar canji da 'yan dako kullum yamma.

Ɗangoggo ne ya ture mutane ya shige gaba, wai da manya ake farawa. Ya ɗora babban yatsansa a kan ɗan gilashin na'urar. Ta yi ƙara, ta kawo jar wuta. Ya goge a riga ya sake, ja. Matar da ke kula da na'urar ta ce ya hura masa iska, ya hura. Ta ce ya shafa a goshi ya ɗebo maiƙo, ya shafa. Aka koma na hagu, aka bi sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya har ɗan ƙaramin, na'ura ta ce ita fa ba ta ga mutum ba. Oga Alexander ya matso ya leƙa hannun. Wayam! Siminti ya cinye zanen yatsun tas, sun yi sumul kamar bayan cokali.

"Baba, ina zanen yatsanka ya tafi?" in ji Oga Alexander.

Kure, abokin aikin Ɗangoggo wanda bakinsa ba ya da linzami, ya amsa daga baya: "A duba bangon ofishinku, yallaɓai, ƙila yana can."

Oga Alexander ya yi dariya ya ce mutanen nan akwai barkwanci. Shi ma Kuren da aka zo kansa jar wuta ya samu, haka duk wani tsohon hannu a layin. Waɗanda na'ura ta yi maraba da su su ne 'yan kamasho da 'yan zaman benci, masu yatsu lafiyayyu kamar na jarirai. Na farkonsu Rilwanu ne, wani ɗan gayu da sana'arsa ba ta wuce tare mai saye ya raka shi shago ya karɓi la'ada ba. Kafin la'asar gwamnati ta samu 'yan dako masu rajista cike da rumfa, babu ko ɗaya a cikinsu da ya san nauyin buhu. Aka naɗe kujeru aka tafi ana murnar an shigar da kowa.

Rilwanu ba wawa ba ne. Washegari ya kafa benci kusa da rumfar na'urar biya, ya ce duk wanda yatsansa ya ƙi, ya yi aiki da sunansa. Alhaji ya tura asusun Rilwanu, Rilwanu ya dangwala, ya cire na goro, ya miƙa sauran. Kure da sauran suka yi ta zage-zage, sannan suka bi layi, dole ƙanwar na-ƙi. Alhazai kuma ba sa ba wanda ba shi da asusu aiki, don an ce akwai tara.

Ɗangoggo kaɗai ya ƙi. Abin ya tsaya masa a wuya har ya kasa cin abinci.

"Ni in sauke tirela a ce Rilwanu ne ya sauke? Rilwanun da in buta ta cika sai ya nemi mai kama masa? Wallahi da sunana na zo garin nan, da sunana zan yi dako."

Ya wanke rigarsa ta Juma'a ya shiga mota zuwa cikin gari, ya nemo ofishin Shirin a wani bene mai sanyi da ya sa shi atishawa. Bayan an yi ta tura shi daga wannan tebur zuwa wancan, Allah ya haɗa shi da Oga Alexander. Mutumin ya gane shi, ya ba shi kujera, har da ruwan gora.

"Baba, na yi bincike a kan matsalarka. Sistem ba ya da laifi, laifin daga hannunka ne. Amma akwai labari mai daɗi. Zanen yatsa yana dawowa. Ka daina taɓa siminti na ɗan lokaci, ka huta, ka riƙa shafa mai."

"In huta in ci me, ranka ya daɗe?"

"Ai da ka yi rajista kuɗinka zai riƙa shigowa kai tsaye."

"Kuɗin wane aikin?"

"Na dako mana."

Ɗangoggo ya miƙe. Oga Alexander ya raka shi har bakin ƙofa yana faɗa masa cewa irinsu ne dalilin da ya sa ba ya barci.

Kai, jama'a, ranar da Ɗangoggo ya fara zaman gida Tungan Maje ta ga abin kallo. Ƙato guda, wanda ake kira in tirela ta gagara, ya miƙe ƙafa a tabarma, Lantana na mulke masa hannu da man kaɗe tana sa masa safa. Ba ya sara itace, ba ya jan guga, ko igiyar shanya ba ya taɓawa. Matan gidan haya in sun zo wucewa sai su ce, "Lantana, ina amaryar taki, ƙunshin ya kama kuwa?" Ita kuwa maimakon ta kare shi sai ta ƙara gishiri.

"Baban Fadima, ɗaga hannun kar ƙuda ya ɓata mana kwalliya."

Yana jin kunya kamar ƙasa ta tsage, amma ya daure. Abin da ya fi cin ransa shi ne kuɗin awara suke ci. Yana ganin yadda Lantana ke rage hannu a tukunya tana cewa ita dama ba ta jin yunwa, shi kuma ya yi kamar ya yarda. Kullum da safe zai fito rana ya ƙura wa babban yatsansa ido, kamar manomin da ya yi shuka yana jiran tsiro. Makonni suka shuɗe. Kantar ta yi laushi ta saɓule, sai ga wasu 'yan siraran layuka sun fara zagaye a tsakiyar yatsan. Ya kira Lantana ta gani, ta ce Alhamdu lillahi, ta je ta juya awararta da ke shirin ƙonewa.

Ya koma ofis ya dangwala, na'ura ta kawo koriyar wuta. Oga Alexander ya rungume shi, aka ɗauki hoto. Ɗangoggo ya dawo Dei-Dei yana tafiyar ƙasaita, ya wuce ta gaban bencin Rilwanu ko kallo bai ishe shi ba. Ranar ya yi aiki kamar zai rama duk zaman da ya yi, hannun ya yi bororo ya fashe bai ko damu ba. Da yamma ya dangwala ya karɓi ladansa da sunansa, ya sayi tsire ya kai gida.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Siminti ai bai san da zaman Shirin Kowa Ya Shigo ba, aikinsa kawai ya ci gaba da yi. Ba a rufa mako ba na'ura ta fara jinkiri, ta koma sai an shafa goshi, daga nan ta dawo da jar wutarta. Ladan yana cikin asusu, ana gani a rubuce, amma mai shi ya sake ɓacewa. Rilwanu na kan benci yana sakace haƙori.

"Baba Ɗangoggo, ga wuri fa. Ƙofata a buɗe take."

"Ta rufe da kai a ciki," in ji Ɗangoggo.

A hanyar gida dabara ta faɗo masa. Gwamnati ba hannu take nema ba, yatsa ɗaya take so. To, a ba ta abinta. Ya sake ɗan zaman jinya har zanen ya farfaɗo, sannan ya sa Lantana ta naɗe babban yatsan dama da auduga, ta bi da leda, ta kawo yankin tsohon tiyub na keke ta ɗaure tam. Ya koma aiki da yatsan a miƙe sama, ƙato kamar kan muciya. Yatsu huɗu da tafin hannu ke kama buhu, shi kuwa babban yana tsaye yana kallo, ba ya taɓa komai.

Layin siminti ya samu abin dariya na shekara. Kure ne ya raɗa masa suna Yatsan Gwamnati, sunan kuma ya bi shi. In Ɗangoggo ya iso da safe sai a gaishe shi, sannan a rusuna a gaida yatsan daban: "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya aikin ofis?" Masu shayi suka ce a riƙa zuba masa nasa kofin. Ɗangoggo ya bar su suna yi, don da yamma shi ke kwance ɗaurin a hankali, ya dangwala, koriyar wuta ta kama, su kuwa su bi layin Rilwanu ana yanke musu na goro. Sauran sun so su kwaikwaya, amma wa ke da matar da za ta ciyar da shi da awara har zane ya tsiro?

Ya kula da yatsan nan fiye da yadda ya taɓa kula da 'yarsa Fadima, Allah ya gani. Tuwo da yatsu huɗu yake ci. In za a gaisa sai ya ba da tsintsiyar hannu. A cikin mota yana ɗaga shi sama kar ƙofa ta datse. In buhu ya goce ya nufi wajen, hannun da kansa yake janyewa, tun yana tuna masa har ya zama ba sai ya tuna ba. Hannun da a da bai san tsoro ba, Ɗangoggo ya zauna ya koya masa tsoro, kuma hannun ya koya da kyau.

Wata ranar Talata siminti ya yi ƙaranci, sai aka kira su can layin tayil su sauke falankin dutse, irin wanda manya ke shimfiɗawa a kicin. Falanki ɗaya ya fi ƙofar ɗaki faɗi, ga santsi, ga nauyin tsiya. Kure na bisa mota yana turowa, Ɗangoggo na ƙasa yana tarba. Sun sauke da dama lafiya. Ana cikin haka wani ya suɓuce wa Kure tun kafin Ɗangoggo ya gyara tsayuwa.

"Tare!" Kure ya ƙwalla.

Irin wannan Ɗangoggo ya sha tarewa, ba ya ma iya tuna sau nawa. Ka damƙi gefen da hannu biyu, ka danne da manyan yatsu, ka bar ƙirji ya sha sauran. Hannun hagu ya damƙa. Na dama ya kai, bakin dutsen ya nufo ɗaurin tiyub, sai hannun ya yi abin da aka koya masa, ya janye. Falankin ya juya ya sauka da baki a kan ƙafarsa ta dama.

Bai yi ihu nan take ba. Waɗanda ke wurin sun ce yana kwance a ƙasa, silifa ta cika da jini, amma hannun daman na sama a miƙe, bai bari ya taɓa ƙasa ba.

A asibiti, in za a faɗi gaskiya, ƙofar gwamnati ta buɗe. Aka kwance ɗaurin, aka dangwala, koriyar wuta ta kama tun kafin yatsan ya gama zama. Ma'aikaciyar ta ce ta daɗe ba ta ga ɗan dako mai kyan yatsa haka ba. Aka yi masa aiki ba a nemi ko sisi ba. Likita ya ce ƙasusuwan tafin ƙafar sun dagargaje, an haɗa abin da ya haɗu. Zai yi tafiya da sanda in Allah ya so, amma batun ɗaukar kaya a ka, a manta. Lantana ta fita baranda ta yi kukanta ta share fuska ta dawo. Ranar ba ta yi masa tsiya ko ɗaya ba, wannan ne ya tabbatar masa abin ya kai.

Bayan an sallame shi Kure ya zo dubiya da ledar lemo. Ya zauna yana ta murza hula. Can ya ce Rilwanu ya ƙara na goro, yanzu abin ya wuce goro ya zama rabon gado.

"Shi ne 'yan'uwa suka ce in zo. Kai yanzu yatsanka ba abin da zai sake taɓa shi. Mu yi aiki da sunanka, ka dangwala mana. Abin da muka ba ka, ka ci halal. Gara kai da shi."

Ɗangoggo ya juya fuska bango. Ya so ya zagi Kure, ya so ya ce shi ɗan dako ne ba ɗan benci ba. Amma yana jiyo Lantana a waje tana kankare ƙasan kasko, kuma ya san man suyar ma bashi ne. Ranar Asabar aka gan shi ya sauko daga mota da sanda, ya ɗingisa har rumfar na'ura, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin 'yan kamasho. Rilwanu ya matsa masa.

Duk tsofaffin hannun layin suka dawo wurinsa. Su sauke, Alhazai su tura asusun Ɗangoggo, shi ya dangwala ya raba. Gida ya daina kwana da yunwa. Hannunsa ya yi laushi ya yi kyau, har zanen sauran yatsun ya dawo ba wanda ya roƙe su. In tirela ta tsaya yakan kau da kai, don ba ya son ganin yadda yaran yanzu ke kama buhu.

A can bene mai sanyi kuwa, na'ura ta nuna wa Oga Alexander abin al'ajabi: mutum ɗaya a Dei-Dei yana sauke abin da ya fi ƙarfin mutum goma, kullum, ba fashi. Ƙarshen shekara sai ga rumfuna da fararen kujeru sun dawo. An zo karrama Gwarzon Ɗan Dako na Shirin Kowa Ya Shigo. Oga Alexander ya ba da labarin yadda na'ura ta ƙi mutumin nan da fari, yadda ya ba shi shawara, da yadda yanzu aikinsa ya ninka. Ya ce wannan shi ne amfanin shigar da kowa. 'Yan dako suka tafa, don ba wanda ke son a binciki asusun.

Mai hoto ya ce lambar yabo a hannu ba za ta yi armashi ba, a ɗora wa gwarzo buhu a ka. 'Yan dako suka dubi juna. Oga Alexander ya dubi sandar ya ce ai ɗan targaɗe ne, ko ba haka ba, Baba? Kure ya zagaya bayan shago da sauri, ya samo buhun siminti da ba kome a ciki, ya cusa masa yagaggun kwalaye har ya kumbura, ya shafe shi da ƙura. Ya kawo da hannu biyu yana nishin ƙarya, ya ɗora a kan abokinsa, ya zare sandar ya ɓoye a bayansa, ya tsaya dab da shi yadda zai jingina.

Ɗangoggo ya tsaya a kan ƙafa ɗaya da rabi. Buhun ba shi da nauyin hularsa ma. Ya ji wani baƙin ciki ya taso masa tun daga ciki, irin wanda bai ji ba ko ranar da dutsen ya sauka. Ga layin da ya yi ƙuruciyarsa a ciki, ga mutanen da suka san abin da kansa ya taɓa ɗauka, duk sun sunkuyar da kai.

Mai hoto ya leƙa ta cikin abin ɗaukarsa, ya ɗago.

"Baba, ɗan yamutsa fuska mana, kamar da nauyi."

Mai hoton ya sake leƙawa, ya ce, "Yawwa! Haka nan. Kar ka motsa."